Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin da ke binciken ƙorafi a kan likitoci: ina kuɗin ke tafiya?

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe shugabannin hukumomin rajista da ladabtar da likitoci, tare da 'yan majalisar da ke tsara dokokin da kuke aiki da su. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ku riƙon wannan amana. Ba ƙaramin nauyi ba ne a ce sa hannunka ne ke raba likita da sana'arsa, ko ya mayar da shi bakin gadon marar lafiya.

Ina rubuto muku ne a madadin mutane iri biyu da ba kasafai suke zama inuwa ɗaya ba: iyalan da suka kai ƙorafi suna jiran amsa, da likitocin da aka kai ƙorafinsu suna jiran hukunci. Ƙaddara ce ta tsayar da ni a tsakaninsu. Mahaifinmu ya rasu kwana biyu bayan tiyatar da aka ce mana ƙarama ce, ni ne kuma na rubuta ƙorafi a madadin gidanmu. Ƙanwata kuwa likita ce, ita ma an taɓa kai ƙararta. A cikin mako guda takardu biyu suka iso mana. Ɗaya amsar ƙarshe ce a kan ƙorafina, bayan shekara uku da 'yan watanni, layi bakwai kacal, wai ba a samu abin da ya kai a gurfanar da kowa ba. Ɗayar kuma sanarwa ce ga ƙanwata cewa kuɗin sabunta lasisi ya ƙaru saboda tsadar gudanar da bincike. Na jera su a kan tebur ina kallo. Ita tana biyan kuɗi mai yawa, ni na samu amsar da ba ta amsa komai ba. Tsakanin aljihunta da wannan layi bakwai, ina kuɗin ya maƙale?

Kada a yi mini mummunar fahimta, ban zo neman a sassauta sa ido a kan likitoci don tsimin kuɗi ba. Duk wanda ya san labarin Harold Shipman ba zai nemi haka ba. Likita ne a Ingila wanda tun a 1976 kotu ta ci shi tara saboda rubuta takardun magani na bogi, don ya samu maganin kashe zafi da ya zame masa jaraba. Hukumar likitocin Birtaniya, wato GMC, ta bar shi ya ci gaba da aiki. A watan Maris na 1998 wata likita da ke aiki kusa da shi ta tsegunta cewa mace-macen marasa lafiyarsa sun yi yawa. 'Yan sanda suka yi binciken je-ka-na-yi-ka suka rufe fayil, shi kuma ya ƙara kashe mutum uku kafin a kama shi a watan Satumba. A Janairun 2000 kotu ta same shi da laifin kashe mutum 15, kwamitin binciken da Mai Shari'a Janet Smith ta jagoranta kuma ya ƙiyasta cewa waɗanda ya halaka sun kai kimanin 250. Rahotonta na 2004 ya zargi GMC da fifita kare likitoci a kan kare marasa lafiya. Araha ba ta ado, kuma a wannan fage rai ake biya. Maganata a kan inda ake zuba kuɗin ne, da wanda ke ɗaukar nauyin da ba a rubuta shi a kasafinku.

Kukana na farko shi ne yawan hawa. Duk lokacin da wani abin kunya ya fashe, abin da aka saba shi ne a ƙara sabon ofis a kan tsohon, ba a taɓa zama a tambayi ko tsohon yana da sauran amfani ba. Birtaniya zan ci gaba da kawowa misali, don tarihinta a rubuce yake kuma ƙasashe da yawa daga gare ta suka kwafi tsarinsu. An kafa GMC tun 1858. Bayan Shipman, a 2008 aka sassauta ma'aunin hujjar da ake bukata kafin a samu likita da laifi, aka bar sharaɗin sai an kawar da duk wata shakka, aka koma ga abin da ya fi rinjaye. A shekarar ce kuma doka ta ƙirƙiri wata hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa yanke hukunci. Aka kashe kuɗi wajen kafa ta, sai sabuwar gwamnati ta rushe ta ba ta saurari ko shari'a ɗaya ba, tsada na cikin dalilan da aka bayar. A 2012 aka buɗe kotun ladabtarwa ta MPTS a Manchester, aka kuma fara sabunta cancantar kowane likita duk shekara biyar. A saman waɗannan duka akwai PSA, wadda aikinta shi ne sa ido a kan masu sa ido, tana bin hukunce-hukuncen ƙarshe na hukumomi goma tana duba ko an yi sassauci. To ku lissafa mini: ƙorafi guda zai iya bi ta hannun asibiti, ya je teburin tantancewa, ya wuce wajen masu nazarin fayil, ya shiga kotun ladabtarwa, PSA ta duba, a tafi babbar kotu, a ƙare a kotun ɗaukaka ƙara. Ban ma sa 'yan sanda da mai binciken musabbabin mutuwa ba. A kowane hawa akwai lauya, akwai ƙwararren da za a biya ya rubuta rahoto, sau da yawa a kan takardun da wani ƙwararren ya riga ya karanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wa ke biya? A takarda, likita ne. GMC da kuɗin rajistar da likitoci ke biya duk shekara take rayuwa, kuma tun 2015 ita ma PSA daga hukumomin da take sa wa ido take karɓar kuɗin gudanarwa, su kuma daga aljihun masu rajista suke cirowa. Haka tsarin yake a Ostireliya, inda hukumar AHPRA da aka kafa a 2010 ke aiki da kuɗin rajista. Bayan wannan likitan zai biya inshora ko ƙungiyar da za ta tsaya masa da lauya ranar da aka kira shi. Amma kowa ya san kuɗin ba ya tsayawa a kan likita. Yana gangarowa cikin kuɗin ganin likita, ko cikin albashin da ake biya daga harajin jama'a. Ƙarshenta marar lafiyan da ya kai ƙorafi shi ne ya biya kuɗin binciken, ya biya lauyan wanda ya kai ƙara, sannan ya tsaya shi kaɗai ba lauya. Akwai kuma wata matsalar da ba a son faɗa. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Hukumar da ke cin abinci daga hannun waɗanda take bincika, ko ta yi adalci sai an zarge ta. Don ta wanke kanta daga wannan zargi kuma, wani lokaci sai ta wuce gona da iri wajen tsanantawa.

Kuka na biyu shi ne lokaci, kuma shi ne tsadar da ba ta bayyana a rahoton shekara. A shekara ukun da na yi ina jira, jami'ai huɗu suka riƙe fayil ɗinmu. Kowane sabo sai ya ce in sake ba shi labari daga farko, in sake faɗin yadda cikin tsohon ya kumbura, da yadda muka yi ta kiran ma'aikatan jinya cikin dare. Kafin a waiwayi likitan da ke bakin aiki a daren, ya bar ƙasar. Nas ɗin da ta ga komai ta ce gaskiya ta manta, kuma ban ga laifinta ba, marasa lafiya nawa ta gani a tsakani? Mahaifiyarmu da fari kullum sai ta tambaye ni ko an ce wani abu, daga baya ta daina. Jinkiri yana cinye hujja, sannan a zo a ce ba a samu hujja ba. Idan kuwa likitan da gaske haɗari ne ga mutane, duk tsawon wannan jira yana nan yana duba wasu.

Ta ɓangaren likita ma jiran ba sauƙi. Ƙorafin da aka kai a kan ƙanwata bai shafi rai ko lahani ba, saɓanin magana ne tsakaninta da dangin wani marar lafiya a daren da take riƙe da ɗakuna fiye da ƙima. Wata goma sha huɗu aka yi kafin a rufe shi ba tare da an same ta da komai ba. A wannan tsakani na ga yadda ta canza. Ba ta barci. Kowa ya zo sai ta tura shi gwaji da hoto ko da ta san ba ya bukata, duk wanda ciwonsa ke da sarƙaƙiya sai ta miƙa shi gaba. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tambayi likitoci kusan 8,000 a Birtaniya, ya gano cewa waɗanda ke da ƙorafi a kansu sun fi shiga damuwa mai tsanani, kuma mafi yawansu sun koma aikin kare kai irin wanda na gani a wajenta. Kowane gwajin da aka yi don tsoro kuɗi ne, kuma layi ne da aka tsawaita wa mai bukata ta gaskiya. Mafi muni, binciken da GMC da kanta ta sa aka yi ya nuna cewa tsakanin 2005 da 2013 likitoci 28 ne suka kashe kansu, ko ake zaton sun kashe kansu, suna tsakiyar bincike. A wane shafi na kasafi ake rubuta wannan?

Na uku, ana kashe kuɗin a inda bai kamata ba. A 2022 kotun ladabtarwa ta MPTS ta dakatar da wata likita, Dakta Manjula Arora, na wata guda, kan cewa ta ce an yi mata alkawarin kwamfutar aiki alhali abin da aka rubuta mata bai kai alkawari ba. Kalma ɗaya. Aka tara lauyoyi, aka yi zaman kwanaki, daga baya aka soke hukuncin, GMC ta ba ta haƙuri. Abin da shugaban sashe zai kashe da magana ta minti goma ne aka kai shi har can. A gefe guda kuma, masana a Ostireliya sun bi ƙorafe-ƙorafe kusan 19,000 na tsawon shekara 11, suka buga sakamakon a 2013: kashi 3 cikin 100 na likitoci su ne ke da kashi 49 cikin 100 na ƙorafin. A Amurka ma nazarin 2016 ya nuna kashi 1 cikin 100 na likitoci ne ke da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙararrakin da aka biya diyya a kansu. Ma'ana, masu matsalar ba su da yawa, kuma sawunsu a bayyane yake ga duk wanda ya ajiye lissafi. Amma tsarinku yana ɗaukar kowane ƙorafi kamar shi ne na farko a duniya. Ga kuma batun wanda ake kaiwa. Rahoton da GMC ta fitar a 2019 ya nuna cewa asibitoci sun fi miƙa mata likitocin da ba farar fata ba don a bincike su, fiye da ninki biyu, haka ma waɗanda suka yi karatu a ƙasar waje. Idan ƙofar shiga a karkace take, duk abin da aka kashe a ciki a kan karkata aka kashe shi.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ci mini rai: a bar jaki a doki taiki. Ku tuna shari'ar Dakta Hadiza Bawa-Garba. A Fabrairun 2011 wani yaro ɗan shekara 6 da take kula da shi ya rasu a asibitin Leicester da ke Ingila sakamakon cutar da ta bazu a jininsa. Iyayensa sun yi rashin da ba a mayarwa, kuma kotu a 2015 ta samu likitar da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci. Ba na raina ko ɗaya daga cikin wannan. Amma a ranar ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba, ma'aikata sun yi ƙaranci, na'urar da ke fitar da sakamakon gwajin jini kuma ta tsaya na sa'o'i. A 2017 kotun ladabtarwa ta duba wannan duka ta dakatar da ita na shekara ɗaya. Sai GMC ta ɗaukaka ƙara a kan hukuncin kotun da ita ce ke ɗaukar nauyinta, babbar kotu ta soke rajistarta a Janairun 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar mata a watan Agusta. Likitoci suka yi karo-karo na sama da fam 300,000 don kare ta, wato kuɗin likitoci ne ke faɗa da kuɗin likitoci, ɗaya ta hannun hukuma, ɗaya ta hannun tallafi. Shekara bakwai da rabi ana wannan. Kwamitin da gwamnatin Birtaniya ta kafa ƙarƙashin Farfesa Norman Williams ya ba da shawara a 2018 cewa a karɓe wa GMC ikon ɗaukaka ƙara tunda PSA na da irinsa, gwamnati ta amince, aka kuma shafe shekaru ba a aiwatar ba. Dokokinku sun ba ku ikon kama mutum ɗaya mai lambar rajista. Wanda ya tsara jadawalin aiki da rabin ma'aikata, da wanda ya bar na'ura ta lalace, ba su da lambar da za a soke.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, abin da yawancinmu ke nema ba shi da tsada. Tun a 1994 aka buga wani nazari a mujallar Lancet da ya tambayi marasa lafiya da dangi 227 me ya kai su kotu. Diyya na ciki, amma tare da ita akwai son a yi musu bayani, da son kada abin ya sake faruwa da wani, da son wani ya ɗauki alhaki. Ni shaida ne. Da a makon farko wani babba a asibitin ya zaunar da mu ya ce ga abin da ya faru, ga inda muka gaza, ku yi haƙuri, da wataƙila ban taɓa rubuta ƙorafi ba. Asibitin Jami'ar Michigan a Amurka ya gwada wannan tun 2001: a faɗa wa iyali gaskiya da wuri, a nemi afuwa, a biya diyya inda ta dace ba sai an je kotu ba. Da aka auna a 2010, ƙararrakin kotu sun ragu da fiye da rabi, lokacin warware magana ya gajarta, kuɗin lauyoyi ya sauka. New Zealand kuwa ta raba diyya da neman mai laifi. Tun 2005 wanda magani ko tiyata ta yi wa lahani ba sai ya tabbatar da sakacin likita ba kafin a taimaka masa, binciken ɗabi'ar likita kuma yana bin hanyarsa daban.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku buɗe mana littafin. Na san wasunku na buga jimillar abin da suka kashe a rahoton shekara, amma jimilla ba ta gaya wa kowa komai. Muna son mu ga nawa ya tafi ga lauyoyi, nawa ga ƙwararru, nawa ga ƙorafin da aka rufe ba tare da mataki ba, kuma kowane fayil wata nawa ya yi a kowane tebur. Kafin a sake ƙara wa likita ko sisin kwabo, a fara nuna masa wannan.

Ku sa wa kanku wa'adi kamar yadda kuke sa mana. Mai ƙorafi da likita duk ana ba su kwanaki ƙididdigaggu su amsa wasiƙa, ku kuwa ba mai ƙirga muku. A tantance ƙorafi cikin makonni, a ba kowane fayil jami'i ɗaya da aka san sunansa, idan wa'adi ya wuce a rubuta wa ɓangarorin biyu dalili. A kuma ɗauki bayanin shaidu tun abin yana da ɗumi, ko da sauran aikin zai jira.

Ga 'yan majalisa musamman: kada ku ƙara wani hawa sai kun nuna wanda za a rushe. Ƙofar ɗaukaka ƙara guda ta isa. Rahoton ƙwararre guda, idan an yi shi da kyau, ya kamata duk masu bincike su yi aiki da shi. Ku kuma sake duba wanda ke biya. A ganina likita ya ɗauki nauyin rajistarsa, amma kare jama'a aikin jama'a ne, ya kamata baitulmali ya ɗauki wani kaso na binciken, da sharaɗin doka ta hana gwamnati amfani da wannan kaso ta juya hukumar.

Ku mayar da ƙananan maganganu inda suka taso, a warware su a asibiti cikin kwanaki, ku tattara ƙarfinku a kan sunan da ke ta maimaituwa. Likitan da ƙorafi na uku ko na huɗu ya zo a kansa, a je a ga yadda yake aiki tun kafin a yi gawa. Duk rahoton bincike kuma ya ƙunshi amsar waɗannan: mutum nawa ke bakin aiki a ranar, awa nawa likitan ya yi bai huta ba, wane kayan aiki ne babu, wa ke da alhakin samar da shi. Idan amsar ta nuna hukumar asibiti, a miƙa ta ga wanda zai iya hukunta ta, a kuma gaya wa iyalin an miƙa.

Daga cikin kuɗin da za a tsira da shi, a ware wani abu don mai ƙorafi ya samu wanda zai karanta masa fayil ya fassara masa yaren likitoci, likitan da ake bincike kuma a kira shi a waya kafin wasiƙa ta same shi shi kaɗai, a haɗa shi da wanda zai riƙa duba lafiyarsa. A wajabta zama da iyali a farkon magana, doka kuma ta tabbatar cewa cewar likita "ku yi haƙuri" ba za ta zama makamin da za a sare shi da ita a kotu ba.

Na ƙarshe nawa ne ni kaɗai. An rufe fayil ɗin mahaifinmu, ban kuma nemi a sake buɗe shi don a hukunta kowa ba. Tambaya ɗaya na yi a shafin farko na ƙorafina: tsakanin ƙarfe goma na dare da asuba, akwai likitan da ya zo ya duba shi? Amsar tana cikin takardun da ke hannun jami'anku. Ina roƙon a rubuto mini ita, in karanta wa mahaifiyarmu.

Ku huta lafiya. Wassalam.

Naku,
Ɗan marigayi, kuma yayan likita.